Zhou Yongkang: Tashi da faɗuwar mutumin da ya riƙe 'yan sanda da kotunan ƙasar Sin

Ranar 11 ga watan Yunin 2015 gidan talabijin na ƙasar Sin ya nuno wani dattijo tsaye a gaban alƙali a birnin Tianjin, 'yan sanda biyu sun sa shi a tsakiya. Abin da ya fara ɗaukar idon masu kallo shi ne kansa, fari fat da furfura. Manyan Jam'iyyar Kwaminis ta Sin sun daɗe da al'adar rina gashi, za ka ga ɗan shekara saba'in kansa baƙi wuluk kamar na saurayi, don haka furfurar nan ita kaɗai ta isa ta shaida wa kowa cewa mutumin ya daɗe a hannu. Alƙali ya karanta hukunci: ɗaurin rai da rai, da ƙwace dukiyarsa. Dattijon ya sunkuyar da kai, ya ce ya amsa laifinsa, ya yi nadama, kuma ba zai ɗaukaka ƙara ba.

Wannan dattijo shi ne Zhou Yongkang. Shekara uku kafin ranar, 'yan sandan ƙasar, da masu gabatar da ƙara, da kotuna, da gidajen yari, da hukumar leƙen asiri duk a ƙarƙashin kulawarsa suke. Yana cikin mutum tara da ke zaunannen kwamitin ofishin siyasa na jam'iyya, wato ƙololuwar mulki a ƙasar da ke da mutum sama da biliyan 1.3 a lokacin. Tun kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin a 1949 ba a taɓa gurfanar da mai muƙami irin nasa kan cin hanci ba.

An yi ta ba da labarinsa a matsayin babbar nasarar yaƙi da rashawa. Akwai gaskiya a ciki, domin shi da iyalinsa da yaransa sun ci, ci kuwa ba na wasa ba. Amma abin da ya fi damuna a shari'ar shi ne abin da ba a tambaye shi ba. Don a ga wannan, sai an bi sawunsa daga farko.

An haife shi a watan Disambar 1942 a wani ƙauye kusa da Wuxi, a lardin Jiangsu, gidan talakawa manoma. Karatu ne ya fitar da shi. A 1961 ya shiga kwalejin man fetur ta Beijing, inda ya koyi aikin binciken ƙarƙashin ƙasa, ya shiga jam'iyya a 1964, ya gama a 1966, daidai lokacin da Mao Zedong ya kunna wutar juyin al'adu. Yayin da sa'o'insa ke cika tituna da jajayen littattafai, shi an tura shi rijiyoyin mai na Daqing a arewa maso gabas, ƙasar da sanyi ke daskarar da ruwa a cikin bokiti. A 1970 ya koma filin mai na Liaohe a lardin Liaoning, ya yi shekara goma sha biyar a can, daga ƙaramin ma'aikaci har ya zama shugaban hukumar haƙar mai ta yankin kuma magajin garin Panjin a 1983.

Sai an san matsayin fetur a siyasar Sin ta wancan zamani kafin a gane dalilin da ya sa wannan hanya ta kai shi sama. Daqing ce ta fitar da ƙasar daga dogaro da man Tarayyar Sobiyet a farkon shekarun 1960, don haka mutanen mai jarumai ne a idon jam'iyya. Filin mai a Sin gari ne sukutum, da makarantunsa, da asibitocinsa, da gidajen ma'aikata, har da masu tsaronsa. Wanda ya shugabanci irin wannan wuri ya koyi mulkin dubban mutane, ya kuma tara yara masu jin cewa shi ne ya yi su. Tun zamanin tsofaffin ministocin mai Yu Qiuli da Kang Shien ake maganar "ɓangaren 'yan mai" a cikin jam'iyya, kuma daga wannan gida Zeng Qinghong ya fito, na hannun daman Shugaba Jiang Zemin, wanda masu bin siyasar Sin da yawa ke ɗauka a matsayin ubangidan Zhou.

A 1985 aka kira shi Beijing mataimakin ministan man fetur. Da aka mayar da ma'aikatar kamfanin mai na gwamnati, CNPC, a 1988 ya zama mataimakin shugaba, sannan shugaba daga 1996 zuwa 1998. A nan ne labarinsa ya taɓa namu yankin. A zamaninsa CNPC ya shiga Sudan da ƙarfi, lokacin da kamfanonin Amurka suka juya wa gwamnatin Umar al-Bashir baya. A 1997 aka kafa haɗakar haƙar mai ta Greater Nile, CNPC na da kashi 40 cikin 100, aka shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 1,600 daga Heglig zuwa gaɓar Bahar Maliya, kuma a watan Agustan 1999 Sudan ta fara fitar da ɗanyen mai. Wannan salo na haƙa, da bututu, da matata a dunƙule shi kamfanin ya kawo Nijar da Chadi daga baya. Lokacin da aka sa hannu kan yarjejeniyar filin man Agadem na Nijar a 2008, da lokacin da aka buɗe matatar Soraz kusa da Damagaram da ta Djermaya a Chadi a 2011, shugaban CNPC shi ne Jiang Jiemin, ɗaya daga cikin manyan yaran Zhou. A riƙe wannan suna, zai dawo.

Daga mai sai aka ba shi sabuwar ma'aikatar filaye da albarkatun ƙasa a 1998, bai daɗe ba aka tura shi lardin Sichuan sakataren jam'iyya, wato mai wuƙa da nama a lardin da ke da mutum sama da miliyan 80. Shekara uku ya yi, ya kafa gida na biyu na yara, irin su Li Chuncheng na birnin Chengdu da Guo Yongxiang. A can ne kuma aka fara ganin nauyin hannunsa a kan mabiya Falun Gong, wata ƙungiyar aƙida da gwamnati ta haramta, da 'yan Tibet na yammacin lardin. A shekararsa ta ƙarshe a Sichuan aka kama fitaccen malamin addinin Buda Tenzin Delek, wanda ya mutu a kurkuku a 2015.

A watan Disambar 2002 aka naɗa shi ministan tsaron jama'a, shugaban 'yan sandan ƙasa ke nan, alhali bai taɓa sa kaki ba. Abin lura a naɗin shi ne an haɗa masa da kujera a ofishin siyasa. Rabon da ministan 'yan sanda ya zauna a wannan majalisa tun Hua Guofeng, wanda ya gaji Mao, a shekarun 1970. Bayan ta'asar juyin al'adu, dattawan jam'iyya sun yi ta kaffa-kaffa da bai wa mai riƙe da 'yan sanda babban matsayin siyasa, sai ga shi an warware wannan a kan Zhou.

Adalci ne a faɗi cewa farkon zuwansa ya yi abubuwan da talaka ya yaba. A 2003 ya kafa wa 'yan sanda dokoki biyar masu tsauri kan shan giya a bakin aiki, da tuƙi cikin maye, da caca, da wasa da bindiga, aka kuma kori da yawa. A shekarar ce wani matashi mai digiri, Sun Zhigang, ya mutu sakamakon duka a wurin tsare mutane a Guangzhou bayan an kama shi don ba ya ɗauke da takardar izinin zama a birnin. Ƙasa ta ɗauki zafi, gwamnati ta soke dokar da ta ba da damar kama baƙin haure na cikin gida a mayar da su garuruwansu. Wasu sun zaci iska ta juya.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan nauyi nesa ba kusa ba, kuma shi ne ainihin gadon Zhou.

A tsarin Sin, jam'iyya na da wani kwamiti a kowane mataki, daga ƙasa zuwa lardi zuwa gunduma, da ake kira kwamitin siyasa da shari'a. Aikinsa shi ne "daidaita" 'yan sanda da masu gabatar da ƙara da kotu. Daga 2003 aka fara ɗaga darajar shugabannin 'yan sanda a larduna da birane, ana shigar da su majalisar jam'iyya ta yankinsu, kuma a wurare da yawa shugaban 'yan sanda shi ne shugaban wannan kwamiti. Ka duba abin da wannan ke nufi a zahiri. Ɗan sanda ya kama mutum, ya tatsi amsa laifi a bakinsa ta hanyar da ya ga dama. Mai gabatar da ƙara ya ga shaidar ba ta da ƙwari, alƙali ma ya gani. Sai a kira zama na shugabannin uku don a daidaita, wanda zai zauna a kujerar shugaba kuwa shi ne ubangidan ɗan sandan da ya yi kamun. Wane alƙali ne zai ce a saki wanda ake tuhuma? Sinawa da kansu suna da karin magana a kan haka, sukan ce 'yan sanda ke dafa abinci, masu gabatar da ƙara su kawo shi, kotu ta ci. Fiye da kashi 99 cikin 100 na waɗanda aka gurfanar kan manyan laifuka a ƙasar ana samun su da laifi.

A watan Oktoban 2007 Zhou ya hau zaunannen kwamiti, na tara a jerin mutum tara, aka damƙa masa babban kwamitin siyasa da shari'a na ƙasa baki ɗaya. A shekarar da ta biyo, aka naɗa Wang Shengjun, wanda ya daɗe yana babban sakataren wannan kwamiti kuma bai yi karatun lauya ba, shugaban kotun ƙoli.

Kalmar da ta mamaye zamanin ita ce "weiwen", wato kiyaye zaman lafiya ko hana rikici. Damuwar tana da tushe. Tattalin arzikin Sin na gudu kamar wutar daji, ana ƙwace gonaki don gina masana'antu, ana rushe unguwanni, koguna na gurɓata, ana sallamar ma'aikatan kamfanonin gwamnati. Zhou da kansa ya bayyana a 2005 cewa tarzoma da zanga-zanga sun tashi daga kusan 10,000 a 1994 zuwa 74,000 a 2004. Maganin da aka zaɓa shi ne a ɗora wa kowane shugaban gunduma alhakin kada a ji ƙarar kowa daga yankinsa. In rikici ya ɓarke a wurinka, ko ka gina hanyoyi dubu, ƙarin girmanka ya sha ruwa.

Ga yadda abin ke sauka a kan talaka. Tun zamanin sarakuna Sinawa na da al'adar kai kuka babban birni idan hukuman gida sun zalunce su, kuma gwamnatin kwaminis ta riƙe al'adar, da ofishin karɓar koke a kudancin Beijing. Manomin da aka ƙwace wa gona zai sayar da abin da ya rage masa, ya hau jirgin ƙasa kwana da kwanaki da takardunsa a ƙunshe cikin leda. To amma kowane koke da aka rubuta a ofishin nan baƙin tabo ne a takardar shugaban gundumarsu. Saboda haka gundumomi suka riƙa girke mutanensu a bakin ofishin da tashoshin jirgi, suna kasa kunne su ji harshen garinsu. Da sun ji, sai su yi caraf da mutum, su jefa shi a mota, su kulle shi a wani ɗakin otal ko gidan ƙasa da ba ya cikin lissafin hukuma, irin wuraren da aka yi wa laƙabi da baƙaƙen kurkuku, kafin a tisa ƙeyarsa gida. Wanda ya nace, a lokacin 'yan sanda na da ikon tura shi sansanin gyaran hali ta hanyar aikin ƙarfi har shekara uku, da damar ƙara ɗaya, ba tare da ya ga fuskar alƙali ba. Kamfanonin tsaro masu zaman kansu suka shigo harkar, ana biyan su kan kowane mutum da suka mayar. Hana rikici ya zama sana'a, wanda ke ci daga sana'a kuwa ba ya fatan ta ƙare.

Misalin da duniya ta fi sani shi ne na Chen Guangcheng, makaho da ya koya wa kansa shari'a, ya tona asirin zubar da ciki na dole a lardin Shandong. Ya yi shekara huɗu da wata uku a kurkuku, da ya fito a 2010 aka mayar da gidansa na ƙauyen Dongshigu wani kurkukun. Ƙarti da dama na gadin makaho ɗaya dare da rana, suna korar duk wanda ya zo gaishe shi da duka da jifa. A watan Afrilun 2012 ya haura katanga cikin dare, ya karya ƙafa, abokai suka kai shi ofishin jakadancin Amurka a Beijing. A wannan zamani ne kuma aka ɗaure marubuci mai sukar gwamnati Liu Xiaobo shekara 11 a 2009, aka murƙushe boren Tibet na 2008, aka bi rikicin Urumqi na Yulin 2009, wanda hukuma ta ce ya ci rai 197, da kame da hukuncin kisa.

Kuɗi ma sun nuna inda aka dosa. A kasafin 2011 an ware yuan biliyan 624 don tsaron cikin gida, sojoji kuma biliyan 601. A 2012 biliyan 702 ne da biliyan 670. Gaskiya ne cewa lissafin tsaron cikin gida ya haɗa da kotuna da gidajen yari da sauran hidimomin yau da kullum, amma duk da haka ƙasar da ke kashe wa tsaron cikinta fiye da abin da take kashe wa rundunar yaƙinta ta faɗi wanda take tsoro.

Kada a ɗauka Zhou shi kaɗai ya ƙirƙiro wannan. Shugaba Hu Jintao da sauran 'yan zaunannen kwamitin duk sun amince da manufar. Abin da ya sa Zhou ya yi kane-kane shi ne yadda ake mulki a zamanin Hu: kowane ɗan zaunannen kwamiti da gonarsa, ba mai leƙa ta wani. Sinawa suka kira abin dodanni tara masu mulkin ruwa ɗaya. Gonar Zhou kuwa ita ce mai bindiga, da makullin kurkuku, da na'urar sauraren waya. Ga kuma yaransa a CNPC, ga wasu a Sichuan. Ɗansa Zhou Bin ya riƙa samun kwangiloli da hannayen jari a harkar mai, 'yan'uwansa a Wuxi suka zama attajirai. Shafaffu da mai ne, ba mai taɓa su.

Abin da ya fara tsaga ginin ya faru ne ranar 6 ga Fabrairun 2012, lokacin da Wang Lijun, wanda ba a daɗe da sauke shi daga shugabancin 'yan sandan birnin Chongqing ba, ya gudu ofishin jakadancin Amurka da ke Chengdu yana tsoron ransa. Ya je da labarin cewa Gu Kailai, matar ubangidansa Bo Xilai, sakataren jam'iyya na Chongqing, ita ta sa wa ɗan kasuwar Ingila Neil Heywood guba. Bo kuwa tauraro ne mai neman kujera a zaunannen kwamiti, kuma an daɗe ana cewa Zhou na so ya gaje shi a harkar tsaro. Rahotanni da dama sun ce Zhou ne ya tsaya wa Bo a zaman manya. Ranar 15 ga Maris aka tuɓe Bo. Kwana huɗu bayan haka jita-jitar juyin mulki ta cika intanet ɗin Sin, har hukuma ta rufe shafuka ta kama mutane. Jita-jitar ba ta tabbata ba, amma yadda mutane suka yi saurin gaskata ta ya nuna irin kallon da ake wa ƙarfin Zhou.

A babban taron jam'iyya na Nuwambar 2012 ya yi ritaya yana da shekara 69, kamar yadda ƙa'idar shekaru ta tanada. A taron ne Xi Jinping ya hau, aka rage zaunannen kwamiti daga tara zuwa bakwai, aka sauko da kujerar Zhou mataki ɗaya: magajinsa Meng Jianzhu ya tsaya a ofishin siyasa kawai. Akwai wata doka da ba a rubuta ba tun bayan shari'ar gungun mutum huɗu, wato matar Mao da abokanta uku na juyin al'adu, a 1980 zuwa 1981, cewa hukunci ba ya hawa kan ɗan zaunannen kwamiti. Ko Zhao Ziyang, babban sakataren jam'iyya da aka tuɓe a 1989, ɗaurin talala aka yi masa a gida har ya mutu a 2005, ba a kai shi kotu ba. Da alama Zhou ya dogara da wannan.

Xi da Wang Qishan, shugaban hukumar ladabtarwa ta jam'iyya, ba su tunkare shi kai tsaye ba. Rassan suka fara sarewa. Wata guda bayan taron aka kama Li Chuncheng a Sichuan. A Maris ɗin 2013 aka kama Liu Han, hamshaƙin mai haƙar ma'adinai da ya yi hulɗar kasuwanci da Zhou Bin, wanda daga baya aka same shi da jagorantar gungun 'yan daba da kisan kai, aka zartar masa da hukuncin kisa a Fabrairun 2015. Sai Guo Yongxiang a watan Yuni. Sai manyan CNPC a watan Agusta, sannan Jiang Jiemin da kansa ranar 1 ga Satumba, wata shida kacal bayan an ba shi shugabancin hukumar kula da kamfanonin gwamnati. Sai Li Dongsheng, mataimakin ministan tsaron jama'a, a Disamba. Sichuan, mai, 'yan sanda: gidaje ukun da ya gina, an bi su ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito a Maris ɗin 2014 cewa an tsare ko an yi wa tambayoyi mutum sama da 300 na kusa da shi, an kuma ƙwace kadarorin da suka kai yuan biliyan 90.

Duk wannan lokaci ba a yarda a ambaci sunansa a jarida ko intanet ba. Masu amfani da shafukan zumunta suka laƙaba masa "Kang Shifu", sunan wata taliyar leda da kowa ya sani, don su zille wa masu tace rubutu. A Maris ɗin 2014 wani ɗan jarida ya tambayi kakakin majalisar da ke ba gwamnati shawara, Lü Xinhua, a gaban kyamara ko ana binciken Zhou. Ya yi bayani cewa duk wanda ya karya doka za a hukunta shi komai girmansa, sannan ya ce iyakar abin da zai iya faɗa ke nan, "ka dai gane". Zauren ya ɗauki dariya, kalmar ta zama abin faɗa a ƙasar. Sai ranar 29 ga Yulin 2014 kamfanin Xinhua ya fitar da sanarwa ta layi ɗaya cewa ana binciken Zhou Yongkang, ba tare da kalmar "kwamared" a gaban sunansa ba. A Disamba aka kore shi daga jam'iyya.

Yanzu a dubi abin da kotu ta same shi da shi. Na ɗaya, cin hanci na kusan yuan miliyan 130, wanda kusan dukkansa matarsa Jia Xiaoye da ɗansa Zhou Bin ne suka karɓa, suka shaida masa daga baya. Abin da ya shiga hannunsa kai tsaye yuan dubu 731 ne, daga Jiang Jiemin. Na biyu, amfani da muƙami wajen sa Jiang Jiemin da Li Chuncheng su buɗe wa ɗansa da danginsa da abokansa ƙofa, har suka samu haramtacciyar riba ta sama da yuan biliyan 2.1. Na uku, miƙa takardun sirri guda shida ga Cao Yongzheng, wani mai da'awar baiwar warkarwa da duba, wanda manya ke zuwa wurinsa. An ɗaure Jiang Jiemin shekara 16, Li Chuncheng 13, Zhou Bin 18, matar kuma 9.

Babu sunan manomi ko ɗaya da aka kulle a baƙin kurkuku a cikin tuhumar. Babu maganar azabtarwa, babu waɗanda aka ɗaure bisa amsa laifin da aka tatsa da duka, babu Dongshigu. Shekara goma da ya yi yana riƙe da tsaron cikin gida, abin da kawai aka ɗebo daga cikinta shi ne takardu shida da ya bai wa boka. Dalilin a fili yake: in an tuhume shi da waɗancan, an tuhumi manufar jam'iyya, da waɗanda suka zauna teburi ɗaya da shi suka amince da ita, har da Xi Jinping, wanda shi ma ɗan zaunannen kwamitin ne tun 2007.

Ita ma maganar siyasa ba a kawo ta gaban alƙali ba. Rahoton kotun ƙoli na 2015 ya ce Zhou da Bo sun yi "harkokin siyasa a wajen tsarin jam'iyya", sannan a 2017 wani babban jami'i, Liu Shiyu, ya faɗa a bainar taro cewa su da wasu manya sun ƙulla makircin ƙwace mulki. In haka ne, wannan ya fi kowace tuhuma girma, amma ba a taɓa baje hujjarsa a fili ba. An yi shari'ar ranar 22 ga Mayu ƙofa a rufe, da hujjar sirrin ƙasa, jama'a ba su ma san an yi ba sai ranar hukunci. Shari'ar Bo Xilai a 2013 an ɗan buɗe ta, Bo ya yi amfani da damar ya musanta, ya yi fito-na-fito da shaidu. Ba a sake wannan kuskure da mutumin da ya san sirrin kowa ba. Ni kam ban ga abin murna a nan ba. Tsarewa a ɓoye wata da watanni, da shari'a a ɗaki rufe, da amsa laifi a talabijin zalunci ne a kan Chen Guangcheng, kuma ba su zama adalci don sun faɗa kan Zhou ba.

An yi gyare-gyare bayan tafiyarsa, bai kamata a raina su ba. A ƙarshen 2013 aka soke sansanonin aikin ƙarfi. Larduna da yawa sun raba muƙamin shugaban 'yan sanda da na shugaban kwamitin siyasa da shari'a. Kotuna sun wanke wasu da aka kashe bisa kuskure tun shekarun 1990, irin su Huugjilt a 2014 da Nie Shubin a 2016, bayan iyayensu sun yi shekaru suna buga ƙofar da ba a buɗewa.

Sai dai injin da Zhou ya gina ba a kwance shi ba, mai riƙe da linzami aka canza. An kafa majalisar tsaron ƙasa ta jam'iyya, Xi ne shugabanta. Daga farkon 2018 rundunar 'yan sanda masu ɗauke da makamai ta koma ƙarƙashin hukumar soja kaɗai, wadda ita ma Xi ke jagoranta. Kyamarori da na'urorin gane fuska sun yi abin da 'yan sa-ido na zamanin Zhou ba su iya ba, kuma daga 2017 aka tsare Musulmin Uyghur da Kazak a sansanonin Xinjiang, adadin da masu bincike da ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙiyasta ya kai miliyan ɗaya ko fiye. Shara kuma ta ci gaba a cikin gidan tsaron. Meng Hongwei, wanda ya zama mataimakin minista a ƙarƙashin Zhou a 2004 har ya kai shugaban 'yan sandan duniya na Interpol, ya ɓace da ya je gida a 2018, aka ɗaure shi shekara 13 da rabi. Fu Zhenghua, wanda aka ruwaito yana cikin masu binciken Zhou kuma ya zama ministan shari'a, shi da Sun Lijun, wani tsohon mataimakin ministan tsaron jama'a, an yanke musu hukuncin kisa da aka jingine a 2022. A shekarar ce aka bai wa Wang Xiaohong ma'aikatar tsaron jama'a, mutumin da Xi ya sani tun yana aiki a Fuzhou a shekarun 1990.

Kwana 28 bayan hukuncin Zhou, da asubahin 9 ga Yulin 2015, aka ɗauke lauya Wang Yu daga gidanta a Beijing. Cikin 'yan makonni aka kama ko aka yi wa tambayoyi lauyoyi da masu kare haƙƙin jama'a kusan 300, irin mutanen da ke tsaya wa manoman da aka ƙwace wa gona. An kai da yawansu Tianjin, birnin da aka yi wa Zhou shari'a. Ɗaya daga cikinsu, Wang Quanzhang, ya yi sama da shekara uku iyalinsa ba su sa shi a ido ba. Matarsa Li Wenzu ta taɓa kama hanyar Tianjin a ƙafa daga Beijing don neman labarinsa, aka tare ta a hanya. A watan Disambar 2018 ita da wasu mata uku suka zauna a fili cikin sanyin Beijing suka aske kawunansu ƙwal. A harshen Sinanci kalmar gashi da kalmar doka kusan furucinsu ɗaya, don haka suka ce su za su iya zama babu gashi, amma ƙasa ba za ta zauna babu doka ba. Ranar 26 ga watan aka yi wa mijinta shari'a a Tianjin ƙofa a rufe, jami'an tsaro suka tare ta a ƙofar gida suka hana ta zuwa. A watan Janairu aka yanke masa shekara huɗu da rabi.